Rijiyar Abarci da Wasakin Kwana Uku

Ranar Jumma'ar da ta wuce aka kafa allo a bakin tsohuwar rijiyar garinmu, Gidan Na'Allah, tsakanin Kornaka da Birnin Lalle, bayan an yi mata sabon baki da siminti. A jikin allon an rubuta "Rijiyar Abarci". Elhaji Mamani, wanda ya sayi simintin, ya miƙe gaban jama'a ya ce kakansa Abarci ne ya haƙa ta, shi ya sa take amsa sunansa. Aka tafa masa. Ni ban tafa ba. Shekara talatin da huɗu ina riƙe da alli a lakwal, wato makarantar boko, ban taɓa barin kuskure ya kwana a kan allo ba, ba kuwa a kan wannan zan fara ba. Abarci bai haƙa rijiyar nan ba. Shiga cikinta ya yi, sau ɗaya, kuma ba da son ransa ba. Ga yadda aka yi.

A zamanin da ba a ga Nasara ko ɗaya a ƙasar nan ba, Dakoro kuwa ko rumfa ɗaya babu, garinmu bai wuce gida ashirin ba. Abin da ya tsayar da mutane a nan shi ne rijiyar, mai zurfin gaba ashirin da bakwai, wadda mai gari Na'Allah ya haƙa shi da ƙannensa. Gabas da ita akwai itatuwan bagaruwa goma sha ɗaya. A inuwarsu Kalla majemi yake aiki, kakan kakana. Gari ƙarami ne, don haka shi ne majemi, shi ne baduku: shi ke jeme fata, shi ke ɗinka salka da burgami da takalma da wasaki, wato babban gugan fata da takarkari ke ja.

Kalla ba mai magana ba ne. Zai jiƙa fata cikin toka har gashi ya saki, ya kankare ta da kartaji, ya wanke, ya daka ƴaƴan bagaruwa ya tsoma ta a ruwansu, ya zubar, ya sake wani, ya kuma sake. In mai fata ya zo ya tambayi yaushe za a gama, amsa ɗaya yake samu: "Sai an jima." Mutane suka rasa ko jimar fatar yake nufi ko jimawar lokaci. Shi kuwa duka biyun yake nufi.

Abarci ɗan Mariama ya riga ya gwada sana'a biyu kafin wannan. Ya yi ƙira kwana huɗu, maƙerar ta ƙone. Ya yi wanzanci kwana biyu, wani Ba'adare ya bar garin da rabin gira. Daga nan ya bi fatake da niyyar Kano. Kwana goma sha tara ya dawo, da kumburarriyar ƙafa da wani ɗan gutsuren jar fata wanda bai fi tafin hannu ba. Yayarsa Dela, mai sayar da fura a bakin rijiya, ta gaya wa duk wanda ya tsaya shan furarta cewa a Tasawa fataken suka sallame shi, don ya ɗaure jaki da igiyar da ba a ɗaure ɗaya bakin ba. Abarci ya ce hassada ce irin ta ƴan'uwa.

Ranar kasuwa ya nufi zauren mai gari da gutsuren fatarsa, ya ɗaga ta sama don kowa ya gani. Ya ce wannan aikin kwana uku ne. Ya ce majeman Kano dariya suka yi har da hawaye da ya ba su labarin bagaruwa, don a can abincin awaki ce. Shi ya zauna da su, ya ci da su, sun buɗe masa asirin duka. In mai gari zai sare itatuwan nan marasa amfani ya ba shi filin, zai kafa majemar da Buzaye za su sauko mata daga Abzin, Larabawa su aiko daga bayan hamada, a bar cewa Gidan Na'Allah a koma cewa Birnin Na'Allah.

Mai gari ya ji daɗin kalmar birni. Kuma wata biyu ke nan yana jiran takalma wajen Kalla. Ya sa aka kira Kalla, ya tambaye shi ko ana jima kwana uku.

"Ranka shi daɗe, kwana ukku ko gashi ba ya saki," in ji Kalla.

"Gashin Kano na saki," in ji Abarci. "Baba Kalla, kai sana'arka jira ce. Mutum shi kawo ma hwata yana saurayi, shi karɓe ta da hurhura."

A zauren akwai wani Bafillace, Samba, mai shanu arba'in. Wasakinsa ya yage, tabkin da shanunsa ke sha kuwa saura kaɗan ya ƙafe, ga bazara ta kankama. Yana da fatar wani babban bijimi da ya karye ya yanka. Ya riga ya kai wa Kalla, Kalla ya ce fatar bijimi sai kwana arba'in, amma zai ara masa tsohon wasakinsa kafin nan. Samba da ya ji kwana uku sai ya tashi ya ɗauko fatarsa daga majemar Kalla ya ajiye gaban Abarci.

Nan mai gari ya yanke magana. Kasuwa mai zuwa, gaban kowa, za a zura wasakin Abarci a rijiya. In ya fito da ruwa cike sau uku, ranar za a sa wa bagaruwa gatari, Kalla ya kwashe kwatarniyoyinsa ya nemi wani wuri. Abarci ya ce kwana bakwai sun yi masa yawa, huɗu daga ciki barci zai yi.

Ya fara gwaji da fatun awakin Dela guda biyu, waɗanda ta ajiye don a yi mata salka. Dabararsa ta farko daga madafa ya samo ta. Ya lura wake mai tauri in an jefa masa kanwa nan da nan yake laushi. To, me zai hana fata? Ya ɗora babbar tukunya, ya zuba kanwa dunƙule biyu, ya tura fatun, ya hura wuta tun hantsi har azahar. Ƙamshi ya bi gari. Mata suka fara leƙowa ta kan danga suna tambayar wa aka haifa. Dela ta shigo, ta buɗe tukunyar, ta sa ludayi ta ɗebo, ta hura, ta kai baki.

"Abarci, gishiri bai ji ba."

"Jima nike, ba miya ba."

"To, salkata ta nuna. Sauke."

Ya ce ai haka ake yi a Kano, tukunyar farko ta sadaka ce. Dela ta ce tun da sadaka ce a kawo yaji. Maƙwabta suka kawo akusa. Ba a yi la'asar ba aka cinye salkar Dela ƙarƙaf, wani tsoho ma ya aiko yana tambayar ko gobe za a sake jima.

Kashegari Abarci ya bar wuta ya koma ga askarsa ta wanzanci. Ya yanko gefen fatar Samba, ya aske gashin tas, ya shafa man shanu, ya mulka jan karan dafi, ya shanya a rana, ya yanka takalma sau biyu kafin su zo daidai da juna. Gaskiya sun yi kyau a ido. Ya kai wa mai gari da kansa, yana tafe yana ɗaga su, ya bi ta gaban majemar Kalla da gangan ko da yake ba hanya ba ce.

Mai gari ya sa su ya fita alwalar azahar. Ruwa na taɓa su suka saki, suka zama kamar ɗanyen tumbi, ƙafa na zamewa ciki. Jan ya zube ya rine masa ƙafafu har idon sawu. Ya daure, ya ce bari ya zaga gona su bushe. Suka bushe kuwa. Tun bai kai gonar ba suka fara tsukewa, kafin ya juyo sun damƙe yatsunsa kamar tarko. Ya dawo yana taka ƙasa da duddugai, karnukan garin guda biyar suna biye da shi suna shinshinar sawunsa. Dela ta gaishe shi da ladabi, ta ce ba ta ji an yi shelar biki ba, ga shi har an sa wa ango lalle.

Sai da aka jiƙa masa ƙafa cikin ƙwaryar ruwa aka yanke takalman da wuƙa. Aka kira Abarci. Ya durƙusa ya duba ƙafar ta nan, ya duba ta can, ya girgiza kai.

"Ranka shi daɗe, ba takalmin na ya tsuke ba. Ƙahwar ta ta ƙaru. Haka ta yi ma wani sarki a Kano kwana kaɗan kahin ƙasatai ta ninka."

Mai gari ya dubi ƙafarsa ja, ya ga kamar ta ƙaru ɗin. Ya ce a bar maganar takalmi, a jira wasaki.

Saura kwana huɗu, fatar Samba na nan a ƙudundune. Abarci ya fara zargin ko Kalla na da wani asirin da yake ɓoyewa. Da hantsi ya laɓe bayan wata bagaruwa yana leƙe. Ya ga Kalla ya ɗebi kashin kaji ɗan tafi guda, ya dama a ruwa, ya tsoma wata fatar akuya da aka riga aka kankare, ya cuɗa ta na ɗan lokaci, ya fid da ita ya wanke sarai, sannan ya kai ta ruwan bagaruwa. Abarci ya ga farkon, bai tsaya ganin ƙarshen ba. Ya ruga gida yana cewa ya kama tsohon.

In tafi guda na yin aiki, ai kwando zai yi aiki sau ɗari. Ya bi gida gida yana roƙon a bar shi ya share akurki. Matan garin ba su taɓa ganin alheri irin wannan ba, har masu tattabaru suka aiko masa. Ya haƙa rami a bayan ɗakinsa, ya juye kwando shida, ya kwara ruwa, ya danna fatar bijimin ciki, ya rufe da tabarma, a tsakiyar zafin bazara.

Kwana ɗaya maƙwabcinsa na kudu ya kwashe iyalinsa ya koma bukkar gona. Kwana biyu ungulaye suka jeru a kan ɗakinsa, tara a tsaye, biyu suna shawagi. Mutanen wani ƙauye da ke yamma suka hango su, suka sa manyan riguna suka zo gaisuwar mutuwa. Suka tarar da Dela a ƙofar gida ta toshe hanci da gefen zane, suka yi mata ta'aziyyar ƙaninta. Ta ce sun yi sauri kaɗan, amma kada su yi nisa.

Ranar ne Kalla ya tako da kansa. Bai shiga ba, daga bakin danga ya tsaya. Ya ce wa Abarci ya fid da fatar yanzu, ya wanke ta ruwa bakwai, ya kawo ta majema. Ta sha wuya, amma tsakiyarta na iya tsira in bagaruwa ta shige ta. Ya ce kashin kaji laushi kawai yake sa wa, ba ya hana ruɓa. Bagaruwa ce ke mai da fata abin da ruwa ba ya narkarwa, rana ba ta ƙandarewa, kare ba ya so. Ban taɓa jin an ce Kalla ya yi magana mai tsawon wannan ba.

"Tsoro ya kama ka, Baba Kalla."

"Hwatar Samba nike tausai."

"Tausaya ma itacenka. Jibi war haka ina shan hura bisa kututturensu."

Kalla ya juya ya tafi. Abarci ya jawo fatar daga ramin. Gashin kam ya saki, har da abin da ba gashi ba. Ya ɗauraye ta sama sama, ya kifa babbar kwatarniya ya lulluɓa mata ita, ya bar ta a rana wuni biyu. Ta bushe ta ɗauki siffar kwatarniyar, ta yi tauri har sai da ya huda ta da ƙarfe mai zafi kafin ya ɗinka mata hannuwa. Abin da ya rage ya yanka doguwar majanya, wato ɗamarar fata, ya rataya a kafaɗa, don a ga ba wasaki kaɗai ya iya ba.

Ranar kasuwa, tun hantsi bakin rijiya ya cika. Tabki ya ƙafe tun shekaranjiya, shanun Samba sun kwana biyu ba su sha ba, suna tsaye suna kuka yana tare su da sanda. Mai gari ya zauna kan buzu, ƙafafunsa har yanzu da sauran ja. Mutum uku da gatura suka tsaya gindin bagaruwa suna jiran a ce musu bismilla. Kalla na zaune gefe, tsohon wasakinsa a naɗe ƙarƙashin cinyarsa.

Abarci ya iso da nasa a ka. Ya dire shi, ya tsaya da gindinsa ƙyam. Ya ƙwanƙwasa shi ya yi ƙara kamar ganga. Ya ce a duba, wannan wasaki ne mai tsayuwa da kansa, ba irin na wasu ba da ke kwanciya kamar tsumma. Samba ya sunkuya ya shinshina, ya ja da baya.

"Kaɗo, wanga bijimina ne?"

"Shi ne, ya ga duniya."

"Da rai nai bai yi wanga wari ba."

Aka ɗaura igiya, aka ɗora ta kan gwafar bakin rijiya, aka zura. Tun daga sama har ƙasa ana jin sa yana dukan bango, ƙwal nan, ƙwal can. Ya isa ruwa ya zauna a kai kamar ƙwarya. Aka girgiza igiya, ya juya ya sake zama. Wasakin ƙwarai lanƙwashewa yake ya kurɓi ruwa da bakinsa, wannan kuwa ko ɗigo bai shiga ba. Aka jawo shi a bushe. Dela ta ce wannan sau ɗaya ke nan, saura biyu.

Abarci ya ce wasakin Kano sai da dutse. Ya ɗauko wani dutse kamar kan jaki ya sa a ciki, aka sake zurawa, aka ji ya nutse. Mai jan takarkari ya ɗaga sanda, Abarci ya hana shi, ya ce a bar shi ya sha ya ƙoshi. Kafin nan ya hau kan kwamin shayar da shanu ya yi wa jama'a bayanin inda zai kafa rumfunan majemarsa, da inda raƙuman Abzin za su durƙusa, da ƙofar da za a sa wa sunansa in an yi ganuwa. Ya daɗe yana yi. Duk wannan lokaci ɗanyar fata na can ƙasa tana jiƙa.

Aka kora takarkari. Igiya ta miƙe, ta yi ta zuwa, jama'a suka matso. Abin da ya ɓullo a bakin rijiyar ba wanda ya gane shi. Ya zama fari, ya yi tsawo ya kai gaba guda, dutsen na reto a can ƙarshensa kamar an sa ƙwallo a ƙafar wando, ruwa na tsiyaya ta kowace huda. Abarci ya buɗe baki zai yi bayani. Hannun wasakin ɗaya ya tsinke, ɗayan ya bi shi. Aka ji faɗuwarsa can ƙasa.

Masu gatura suka ajiye gaturansu suka zauna a inuwar bagaruwar.

Kalla ne ya fara magana. Ya ce in abin nan ya kwana a ciki, gobe ba mai shan ruwan nan, mutum ko dabba, kuma ba wata rijiya sai an yi tafiyar wuni. Mai gari ya dubi shanu, ya dubi ƙafafunsa, ya dubi Abarci, ya ce mai kaya shi zai shiga ya ɗauko kayansa.

Abarci ya ce shi ba ya tsoron rijiya, a Kano ya shiga wadda ta ninka wannan, sai dai ƙafarsa ba ta gama warkewa ba. Mai gari ya ce ba da ƙafa za a sauka ba, da igiya ne. Ya sa a ɗaura wa Abarci majanyar nan tasa a ƙugu a haɗa da igiyar rijiya. Aka ciro ta daga kafaɗarsa. Abarci ya dube ta. Daga fatar da wasakin ya fito ita ma ta fito. Ya leƙa rijiyar, gaba ashirin da bakwai. Ya riƙe hannun mai ɗaurawa.

"Mi ya hwaru?" in ji mai gari. "Ba aikinka ba ne?"

"Aikina ne, ranka shi daɗe. Sabuwa ce, kada ta ɓaci."

"In ta ɓaci ka yi wata. Kwana ukku ne."

Abarci ya sake leƙa rijiyar. Can ya juya wajen Kalla, ya rage murya, ya tambaya ko zai ara masa wasakinsa ya tsaya ciki. Kalla ya sa hannu a kunne ya ce tsufa ya taɓa masa ji.

"Baba Kalla, ara mini wasakinka."

"Wane? Na abincin awaki?"

"Shi."

Kalla ya warware shi. Wasakin shekararsa goma sha ɗaya yana shiga rijiyar nan, ya yi baƙi yana sheƙi, ya yi laushi kamar zane, ba ɗinki ɗaya da ya saki. Abarci ya ja hannuwan wasakin da ƙarfi, ya ciji bakin fatar, ya sake ja, sannan ya zura ƙafafunsa ciki ya rungume igiya ya rufe ido. Aka sauke shi yana karanta duk abin da ya sani, wanda bai kai shi rabin hanya ba, sai ya koma farko.

Ruwan ya kai masa ƙirji. Ya yi ta lalube yana tsinto fatar gutsure gutsure yana zubawa a wasakin Kalla, aka jawo, da dutsen da komai. Mai gari ya sa aka kwashe ruwa guga goma aka zubar don wari. Sannan murya ta taso daga ƙasa, tana amsa kuwwa, cewa an gama, a aiko da wasaki ya hau.

Samba ya tako ya dafa igiyar. Ya ce shanunsa kwana biyu ba su sha ba saboda mutumin da ke ƙasa, fatar bijiminsa kuma ga ta can karnuka ma sun ƙi ta. Tun da Allah ya sa akwai mutum a gindin rijiya, ya riƙa cika wasakin da kyau, aikin zai fi sauri. Mai gari ya ce wasakin na Kalla ne, shi ke da magana.

Abarci ya ji duka. Ya ɗago kai ya ga ɗan farin sama kamar faifai, da kan Kalla a gefensa.

"Baba Kalla, yaushe za a hid da ni?"

"Sai an jima."

Shanu arba'in suka sha, da takarkarin, da jakunan ƴan kasuwa. Matan gari suka ga dama ta samu suka kawo tulunansu. Duk hawan da wasakin zai yi sai ya zubo wa Abarci a ka, duk saukowa sai ya sake tambaya, ya sake samun amsar. Dela ta leƙa sau ɗaya ta tambaye shi ko daga nan ana hango Kano. Bayan la'asar aka jawo shi, fatarsa ta yi fari ta tattare, haƙora na kaɗawa. Kalla ya dube shi sama da ƙasa ya ce ya jiƙu sosai, saura toka da bagaruwa.

Ba a taɓa itace ko ɗaya ba. Samba ya tafi da tsohon wasakin aro, ya dawo da shi bayan damina ba abin da ya same shi. Mai gari ya sami takalmansa bayan sati uku, bai tambayi dalilin jinkiri ba. Abarci kuwa cikin kwana biyu ya fara gaya wa baƙi cewa shi ya shiga ya gyara wa garin rijiya, ba wanda ya iya sai shi. Fulani da ƴan kasuwa suka kai labarin wasakin har Kornaka da Birnin Lalle, duk wanda ya zo sai ya ce a nuna masa rijiyar da Abarci ya wuni a ciki. Da tafiya ta yi tafiya aka gajarta. Asalin sunan ke nan, ba wani ba.

Hannu ɗaya na wasakin Kalla yana gidanmu har yau, a rataye a ɗakin yayata. Mai shakka ya zo ya ja shi. Daga aikin Abarci kuwa ko zare bai kai kwana bakwai ba. Bagaruwa huɗu daga jikokin waɗancan na nan tsaye gabas da allon, masu jakunkunan da ake kaiwa Dakoro daga nan suke tsintar ƴaƴanta.

Ba na neman a goge sunan Abarci. Ya yi wuninsa a ciki, haƙƙinsa ne. Abin da nake nema a rubuta maganar cikakkiya: rijiyar Na'Allah, wadda Abarci ya wuni a ciki, wasakin Kalla ya fid da shi. Na auna allon, akwai wuri in an rage girman baƙaƙen. Na rubuta wannan a takarda na kai wa Elhaji Mamani har gida jiya da safe. Ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu. Na tambaye shi yaushe za a gyara. Ya ce mini sai an jima.

Elhaji ya manta daga gidan wa wannan amsa ta fito. Na sa an kai mini kujera gindin bagaruwa, daidai inda ake ganin allon.